'Yar aji uku ta fi ƙarfin aikin ajinta: a tsallake da ita ko a yi yaya?

Malamar aji uku, Argungu

Assalamu alaikum malamai da iyayenmu na wannan zaure. Shawara nake nema a kan wata ɗaliba. Shekarunta takwas a rajista, ajin kuma yara 74 ne. Kafin a gama rubuta lissafi goma a allo ta gama amsa su, sai ta juya ta fara surutu da na kusa da ita, ko ta kifa kai a benci. Littafin Hausa na yayanta da ke aji huɗu take karantawa ba gargada. Makon jiya ana bitar sau tara, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai duk amsoshin in an haɗa lambobinsu tara suke bayarwa, 18 ɗaya da takwas, 27 biyu da bakwai." Ba wanda ya nuna mata. Amma rubutunta kamar kaza ta yi tono, Turancinta kuma tsaka-tsaki ne.

Mahaifinta yana so a kai ta aji biyar in an dawo sabuwar shekara, ta zauna kwaman, wato jarrabawar shiga sakandare, daga can. Hedimasta kuma ya ce a yi mata monita ta riƙa taimaka wa na baya. Ta yaya zan tabbatar baiwa ce ba lesin gida ba? Me zan ba ta a aji mai wannan yawan, ba ɗakin karatu ba komai? Kuma tsallaken ya dace?

Malamin ilimi na musamman, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka da alheri da kika lura, don da yawan irin yaran nan da bulala ake fara sanin su, a ce masu surutu ne.

Tambayarki ta farko ita ce tushe, kuma za ki iya amsa ta cikin mako biyu da alli da takarda. Kada ki dogara da jarrabawar ajinta. Yaron da ya ci 100 a jarrabawar aji uku, abin da kawai ya nuna shi ne jarrabawar ta ƙare kafin iliminsa ya ƙare. Je wurin malaman aji huɗu da na aji biyar ki karɓi tambayoyin zangon da ya wuce, lissafi da Hausa da Turanci, ki zaɓi 20 daga kowane. Ki ba ta a wuri mai shiru, rana ɗaya darasi ɗaya, kuma ki gaya mata tun farko cewa akwai waɗanda ba a koya mata ba, ba laifi in ta kasa. Idan umarnin lissafin da Turanci yake, ki fassara mata da Hausa, in ba haka ba Turanci kika auna, ba lissafi ba. Wanda ya ci 16 ko fiye cikin 20 a aikin ajin da ke gabansa, ajinsa ya yi masa kaɗan a wannan darasin. Ki ajiye takardun, za su yi amfani gaban hedimasta da uban.

Wannan bai raba baiwa da lesi ba tukuna, domin yaron da ake yi wa lesi da yamma shi ma zai iya cin aikin aji huɗu. Abin da ke raba su shi ne saurin kama sabon abu. Ki zaɓi abin da kika tabbata ba ta taɓa gani ba, misali gano faɗin fili mai kusurwa huɗu ta hanyar ƙirga murabba'ai. Ki koya mata minti goma, misali biyu kacal. Ki ba ta tambayoyi biyar, ta ƙarshe ki juya ta: ga fili mai murabba'ai 24, gefe ɗaya 6, nawa ne ɗayan? Ki riƙa yin ɗigo a takarda duk lokacin da sai kin ba ta haske kafin ta ci gaba. Bayan kwana uku ki sake tambaya ba tare da bita ba. Ɗan lesi yakan tsaya cak da zarar an juya tambaya, ya ce ba a yi musu ba. Mai baiwa yakan yi shiru, ya zana, ya gwada, wani lokaci ya zo da hanyar da ba taki ba. Ki yi wannan gwajin da wasu yara biyu masu ƙoƙari a ajin, don ki samu abin kwatantawa.

Batun sau tara da ta gano ma gwaji ne a hannunki. Ki tambaye ta 9 sau 11. Amsa 99 ce, haɗin lambobin 18 ne, ba tara ba. Ki zuba ido ki ga me za ta yi. Idan ta ce to a sake haɗa 1 da 8, ko ta fara gwada 9 sau 12 da 13 don ta ga ko dokar ta karye, kin ga abin da ake nema.

A karatu, ki ba ta labarin da ba ta sani ba ta karanta da ƙarfi minti ɗaya, ki ƙirga kalmomin da ta faɗa daidai, irin awon da aka koya wa malamai a shirye-shiryen karatun Hausa na ƙananan azuzuwa. Sai tambayoyi biyar, biyu daga ciki amsarsu ba a rubuce take ƙarara ba: me ya sa wane ya yi kaza, me kike jin zai biyo baya. Yaranmu da yawa suna da ƙarfin hadda saboda makarantar allo da Islamiyya, kuma wannan ni'ima ce babba, amma hadda daban, fahimta daban, kowacce a auna ta da ma'auninta.

Gwajin ƙwaƙwalwa na ƙwararru akwai shi. WISC, wani gwajin auna kaifin basirar yara, ana lissafa shi ne a kan 100 a matsayin matsakaici, 130 zuwa sama kuma kusan mutum biyu ne cikin ɗari. Sai dai da Turanci yake, an kuma daidaita shi a kan yaran wasu ƙasashe, don haka yarinyar Argungu mai tunani da Hausa za ta fito ƙasa da haƙiƙaninta. Wanda ya fi dama shi ne na Raven, zane-zane ne zalla, yaro ya zaɓi guntun da ya cike gurbi. Mai launi na yara tambaya 36 ne, na gama-gari 60. Wanda aka horar ne ke bayarwa ya fassara sakamakon, kada a kwafo daga intanet a ce an auna. Kuma ba sai an jira shi za a fara taimaka mata ba.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙo kada a tsallake shi: gwajin aji na gaba da na faɗa, a ba duk wanda ke sama a ajin, ba ita kaɗai ba. Cikin 74 akwai mai shiru a bencin baya, akwai ɗan da ke ɓacewa lokacin dashen shinkafa ko kamun kifi ya dawo ya kamo aji cikin mako ɗaya, akwai ɗan Fulani da Hausar ma harshensa na biyu ce. Su ne ake yawan rasawa.

Malamin lissafi, Zuru

Malam ya gama da tantancewa, bari in taɓa aikin yau da gobe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙarin aiki iri ɗaya. Ta gama goma, a ƙara mata goma. Cikin mako biyu za ta gane cewa ladan sauri ƙarin wahala ne, sai ta koyi jan ƙafa, daga nan kin rasa ta. Aikin da za a ba ta ya zama maimakon na aji ne, ba ƙari a kansa ba.

Ga yadda ake yi. Cikin lissafi goma na allo, ki sa tauraro a kan biyar mafiya wuya, ki sanar wa duk ajin: wanda ya fara da waɗannan ya ci huɗu daidai, an ɗauke masa sauran. Minti biyu ya isa ki duba. Ƙofar a buɗe take ga kowa, don haka ba wanda zai ce Malama tana son wance. Kafin sabon babi kuma, ranar Litinin, ki ba da tambaya goma a kan abin da za a koya a makon. Wanda ya ci takwas ba ya bukatar zaman bayanin, ki koya masa biyun da ya faɗi a tsaye, ki sallame shi zuwa aikinsa.

To ina aikin nasa yake? Kwalin taliya ɗaya, a yanka shi kati-kati kamar tafin hannu, 30 sun isa zango. Tambaya a gaba, amsar a wani littafi da ke wurinki. Ita kuma littafi guda na daban, mai shafi 40, na wannan aikin kaɗai. Ga irin abin da ake rubutawa:

Mutum goma sun fito daga masallacin idi, kowa ya yi musabaha da kowa sau ɗaya. Musabaha nawa aka yi? Yawanci za su ce 100 ko 90. Ki ce ta fara da mutum uku, sai huɗu, sai biyar, ta rubuta 3, 6, 10, ta nemo abin da ke ƙaruwa. Amsar 45 ce, amma abin da ake so shi ne ta iya faɗin na mutum 20 ba tare da zane ba, wato 190.

Haɗa lambobi daga 1 zuwa 100 ba tare da bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Idan ta ga 1 da 100, 2 da 99, kowane 101 ne har sau 50, ta isa 5,050.

Dara, wadda muka tashi muka tarar ana yi a ƙasar Zuru da ko'ina: gurbi 30, layi biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12, a jera uku a ci. Ki sa ta ƙirga hanyoyi nawa ake iya jera uku a kwance a layi ɗaya mai gurbi shida, sannan a duk fagen, kwance da tsaye. Huɗu sau biyar 20, uku sau shida 18, jimilla 38. Wasa ne a ido, lissafi ne a ciki.

In ta kai ga lissafin kashi-kashi, irin su rabi da kwata, rabon gado ya fi kowane littafi. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji guda, dukiya N240,000. Mata tumuni, uwa sudusi. Dole ta nemo lambar da 8 da 6 duk suke shiga, wato 24: mata kashi 3, uwa 4, ɗa 17. Kuɗin N30,000 da N40,000 da N170,000. A nemi malamin Islamiyya ya duba mas'alar kafin a rubuta a kati, kada a koyar da kuskure a abin addini.

Na kimiyya kuma, sanda mai tsawon mita ɗaya a kafa a filin makaranta, ta auna inuwar da ƙarfe 8, 10, 12 da 2, ta zana abin da ta samu. Mako na gaba ta yi amfani da inuwar ta gano tsawon bishiyar dogonyaro ba tare da ta hau ba.

Inda abin ke lalacewa wuri uku ne. Na farko, a ba yaro kati a manta da shi. Dole ki ware minti goma sau biyu a mako, ko lokacin tara ne, ki zauna ki ce "nuna mini yadda kika yi". In ba mai dubawa, yaro ya san aikin ba shi da daraja. Na biyu, a bar ta ita kaɗai. Ki haɗa huɗu zuwa shida da suka fi ƙarfi a benci ɗaya kusa da teburinki a lokacin lissafi kawai, su yi gardama a tsakaninsu a hankali. Na uku, a yi saurin ba ta amsa in ta maƙale. Yarinyar da ba ta taɓa faɗuwa ba, ranar da ta haɗu da abu mai wuya kuka za ta yi ko ta ce ba ta so. Ki bar ta da tambaya kwana biyu, haske ɗaya kawai. Gara ta koyi wannan juriyar a aji uku da ta fara haɗuwa da ita a sakandare.

Tsohon hedimasta, Jega

Malama, sannu da ƙoƙari. Ni ban ƙi tsallake ba. Akwai yaron da kati da benci na musamman ba za su ishe shi ba, domin ya wuce ajin a kowane darasi, kuma binciken da aka daɗe ana yi a Amurka ya nuna tsallaken da aka yi bisa tantancewa yana amfanar irinsu. Barin irin wannan yaron shekara guda yana maimaita abin da ya sani shi ma cuta ce. Amma wannan tsarin da uban ya kawo, ban goyi baya ba, ga dalilai.

Na ɗaya, aji biyu ne zai ci ba ɗaya ba: huɗu, sannan shida tunda daga biyar za ta zauna kwaman. Za ta shiga ƙaramar sakandare tana da goma, ta gama babbar tana da 15, alhali 16 ne mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a a ƙa'idar da ake bi. Ta zo ta zauna gida shekara guda, kuma kun san me zaman gida yake jawo wa 'ya mace a wannan shekarun.

Na biyu, aji huɗu ba ajin tsallakewa ba ne ga mai raunin Turanci. A tsarin da muka daɗe a kai, nan ne ake komawa koyarwa da Turanci, nan ne kuma lissafin kashi-kashi da lambobi masu ɗigo da doguwar ninkawa suke kankama. Ramin da aka bari a nan a sakandare yake buɗewa.

Na uku, kin ce yayanta yana aji huɗu. Ke nan baɗi aji ɗaya za su zauna, ƙanwa tana ɗaukar na ɗaya, wa yana kallo. Ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka don yanke hukuncin tsallake, na jami'ar Ayowa, ya sa wannan cikin abubuwan da ke dakatar da magana, tare da idan yaron da kansa ba ya so. Shin an tambaye ta ma?

Abin da ya dace shi ne tsallaken darasi ɗaya. Ta tafi aji huɗu lokacin lissafi, ta dawo ajinta sauran darussa. Sharaɗinsa a daidaita jadawali lissafin aji uku da na huɗu su faɗo lokaci ɗaya, malamin da zai karɓe ta ya yarda da zuciya ɗaya, kuma in akwai aji huɗu biyu a kai ta wanda yayan ba ya ciki. A yi gwajin mako shida, a rubuce, da sa hannun hedimasta da uba, a kuma gaya mata cewa in an dawo da ita ba faɗuwa ta yi ba. In nan gaba ta nuna ƙarfi a duk darussa har da Turanci, a tsallake aji ɗaya a farkon shekara, a sanar da ofishin sakataren ilimi don rajista ta daidaita. A kuma tabbatar da shekarunta da takardar haihuwa ko katin rigakafi, domin wani lokaci "mai takwas" ɗin goma ce, tazarar da ake gani ta girma ce.

Jami'ar sa ido kan makarantu, Gwandu

Baba Hedimasta ya faɗi gaskiya. Zan ƙara a kan monita da rubutu.

Monita mai rubuta sunan masu surutu da riƙe bulala, a raba ta da shi, ƙiyayyar 'yan aji kawai zai jawo mata. Taimaka wa na baya ba laifi in ta so, minti 15 sau ɗaya ko biyu a mako. Fiye da haka ta zama ƙaramar malama ba albashi, ita kuma ba ta koyi komai ba. Sau da yawa ma ba su iya bayani ba, don sukan tsallake matakan da na bayan ke bukata.

Rubutun kuma, tunaninta ne ya fi hannunta gudu, abu ne sananne ga irinsu. Ki duba riƙon fensir, ki duba ko tana matse ido in tana kallon allo. Layi biyar a rana a littafin koyon rubutu ya wadatar. Kada a rage mata maki a lissafi saboda munin rubutu, kada kuma a ce sai rubutu ya gyaru za a ba ta kati. Amma in tana juya haruffa ko tana tsallake su a kai a kai duk da ƙarfin karatunta, a kai ta ga masanin ilimi na musamman, domin baiwa da matsalar rubutu suna haɗuwa a yaro ɗaya.

Ga uban, a nuna masa hanya mai tsawo, hankalinsa zai kwanta. Akwai makarantar gwamnatin tarayya ta masu baiwa a Suleja, jihar Neja, wadda ta fara aiki a 1990, NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta daban da kwaman. Ga kuma makarantun tarayya na nan jihar, ta 'yan mata a nan Gwandu, da ta Birnin Yauri, da ta kimiyya da fasaha a Zuru. Dukkansu da Turanci ake jarrabawarsu, har da sashen auna tunani na lambobi da na kalmomi. Shekara ukun da suka rage mata a firamare su ne lokacin gina Turancin: littafin labari ɗaya a mako, ta ba da labarin da Hausa, sannan ta rubuta jimla biyar da Turanci. Kuma a roƙe shi a rage yabonta gaban 'yan'uwanta da baƙi. A yaba aikin da ta sha wuya a kansa, a yi mata addu'a.

Malamar aji uku, Argungu

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Matsala ɗaya: aji huɗu guda ɗaya ne a makarantar, yayan yana ciki, kuma lissafinsu bayan tara yake, namu da safe.

Tsohon hedimasta, Jega

To kada a kai ta can bana. Ki karɓo littafin lissafin aji huɗu da jadawalin zangonsu, ta bi shi a bencinta a lokacin da tauraro ya 'yanta ta, kwana uku manhajar aji huɗu, kwana biyu katunan Malam na Zuru. Malamin aji huɗu ya riƙa ba ki gwajin da yake yi wa ajinsa, ta yi a wurinki, ke ki yi maki, kada sakamakon ya shiga ajinsu. Ki rubuta babin da ta gama da kwanan wata a bangon littafinta na baya, ki miƙa wa malamin da zai karɓe ta baɗi hannu da hannu, don kada ya mayar da ita shafi na ɗaya.